Lemon gwangwani marar suga ga mai juna biyu: a sha ko a bari?

Tambaya: Cikina wata biyar. Tun lokacin laulayi bakina ya ƙi ruwa, lemon gwangwani mai sanyi ne kawai yake zama mini. Da na ga nauyina yana hawa sai na koma irin wanda ba suga, mai tambarin Diet ko Zero, ina shan ɗaya ko biyu kullum. Yanzu an ce mini sinadarin zaƙin da ke ciki yana kawo ciwon daji, kuma yana sa a haifi bakwaini. Hankalina ya tashi sosai. Na cutar da abin da ke cikina ne? Ko in koma mai suga?

Amsa: Sannu da fama, 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kafin komai ki kwantar da hankalinki. Babu wata hujja da ta nuna cewa gwangwani ɗaya ko biyu a rana yana nakasa jariri ko yana dasa masa ciwon daji. Sai dai ba zan ce miki ki ci gaba yadda kike ba. Abin da nake gaya wa matan da ke zuwa awo shi ne: jefi-jefi babu laifi, amma na kullum-kullum a rage shi, kuma a cike gurbinsa da ruwa, ba da lemo mai suga ba. Akwai mace mai wani ciwo na musamman da aka hana ta shan wani nau'insa kwata-kwata, zan zo kanta.

Ki fara da juya gwangwanin ki karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, domin sinadaran zaƙi ba iri ɗaya ba ne, kuma jiki ba ya karɓarsu ta hanya ɗaya. Waɗanda suka fi yawa a lemo su ne aspatem, da asesulfem-K, da sukuralos. Akwai kuma sakarin, da saiklamet, da zaƙin da ake tacewa daga ganyen stibiya. Wani lokaci ba a rubuta suna sai lamba: E951 shi ne aspatem, E950 asesulfem-K, E955 sukuralos, E954 sakarin, E952 saiklamet, E960 kuma na stibiya. Yawancin kamfanoni suna haɗa biyu, galibi aspatem da asesulfem-K, domin ɗaya ya rufe ɗan ɗacin da ɗayan ke bari a harshe. Dukansu sun ninka suga zaƙi nesa ba kusa ba. Aspatem da asesulfem-K kusan sau 200, sukuralos kusan sau 600. Shi ya sa ɗan ƙanƙanin abu ake zubawa, shi ya sa kuma lemon ba ya ɗauke da kuzarin da ke ƙara nauyi.

Aspatem ne aka fi yi wa surutu, don haka bari in daɗe a kansa. Idan kika sha shi, ba ya shiga jininki a yadda yake. Tun a hanji yake wargajewa gida uku: fenilalanin, da asid ɗin aspatik, da ɗan methanol. Biyun farko suna cikin tubalan gina jiki da ake samu a madara, ƙwai, nama da wake, kuma abin da kike samu daga abincin yau da kullum ya ninka na lemon sau da yawa. Methanol ne ke tsorata mutane, domin guba ne idan an sha da yawa, amma wanda ke fitowa daga gwangwani ɗaya bai kai wanda ake samu a kofin ruwan tumatir ba, kuma hanta tana gamawa da shi kamar yadda take gamawa da na 'ya'yan itatuwa. Ma'ana, aspatem kansa ba ya isa wurin jariri. Abin da ya isa, abu ne da jininki ya riga ya saba da shi.

Hukumomin abinci suna yanka wa kowane irin wannan sinadari iyaka ta kullum. Yadda ake yi shi ne a nemo adadi mafi yawa da aka ciyar da dabbobin gwaji ba tare da an ga wata illa ba, har da masu ciki da 'ya'yansu, sannan a raba shi gida 100, a ce kashi ɗaya ne iyakar ɗan Adam. Ga aspatem, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sake bin diddigin duk binciken da aka yi a shekarar 2013, ta tsaya a kan miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, ta kuma ce wannan iyaka ta haɗa da masu juna biyu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, wadda ta amince a sa shi a lemo tun 1983, ta sa tata iyakar a miligiram 50. Idan nauyinki kilo 70 ne, iyakarki a ma'aunin Turai miligiram 2,800 ke nan. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da 200 zuwa 300. Sai kin sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 a rana, kullum, kafin ki haura. Ke da ɗaya ko biyu ba ki ko kama hanya ba.

To daga ina maganar ciwon daji ta fito? A watan Yulin 2023, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa aspatem a rukunin da ake kira 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su iya jawo ciwon daji amma hujjar ba ta da ƙarfi. Labarin ya karaɗe duniya, sai dai an bar rabinsa a baya. Waɗannan rukunai ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. Taba da giya suna rukuni na 1. Jan nama yana 2A, wato sama da aspatem. Kuma a rana guda da wancan sanarwa, wani kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona, wanda aikinsa ke nan auna yawan abin da mutum zai iya sha, ya ce bai ga dalilin taɓa iyakar miligiram 40 ba. Don haka a ganina, tsoron ciwon daji shi ne mafi rauni cikin duk abubuwan da za a iya tsorata ki da su game da wannan lemo.

Macen da na ce an hana ta ita ce mai ciwon gado da ake kira fenilketonuriya, ko PKU a taƙaice. Jikinta ba ya iya sarrafa fenilalanin, sai ya taru a jini. Idan tana da ciki kuma ya taru, yana ƙetarawa wurin jariri ya hana ƙwaƙwalwarsa girma, a haife shi da ƙaramin kai, ko matsalar zuciya, ko raunin fahimta na dindindin, ko da shi jaririn bai gaji ciwon ba. Wannan ce ta sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwani cewa yana ɗauke da fenilalanin. Ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba, a Turai da Amurka kusan jariri ɗaya cikin 10,000 zuwa 15,000, kuma mai shi takan san da shi tun yarinta domin rayuwarta gaba ɗaya a kan abinci na musamman take. Idan an taɓa ambata wannan ciwo a kanki ko a danginki na kusa, ki ajiye duk abin da ke da E951 har ki ga likita. Idan ba haka ba, gargaɗin ba da ke yake ba.

Sauran sinadaran labarinsu ya ɗan bambanta, domin yawancinsu ba sa wargajewa. Asesulfem-K da sakarin suna shiga jini yadda suke, ƙoda ta fitar da su a fitsari. Sukuralos mafi yawansa bayan gida yake bi, kaɗan ne ke shiga jini. Abin da ya shiga jinin uwa kuwa yana iya ratsa mabiyiya. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Danmak aka wallafa a 2022 ya ba matan da za a yi wa tiyatar haihuwa abin sha mai waɗannan sinadarai kafin aiki, aka kuma same su a jinin cibiyar jarirai. Ratsawa ba ita ce cutarwa ba, domin kusan duk abin da kika ci ko kika sha yana ratsawa. Amma ya kamata a daina cewa jariri ba ya ganinsu, yana gani.

A cikinsu, sakarin da saiklamet ne nake cewa mai ciki ta ƙyale idan tana da zaɓi. Sakarin tsoho ne, tun 1879 aka gano shi. A shekarun 1970 an zarge shi da kawo ciwon dajin mafitsara a ɓeraye, daga baya aka gane cewa hanyar da yake bi a jikin ɓera babu ita a jikin mutum, har Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan zargi a shekarar 2000. Abin da ya rage a kansa shi ne gwajin dabbobi ya nuna yana daɗewa a jikin ɗan tayi fiye da yadda yake daɗewa a jikin uwa. Saiklamet kuwa Amurka ta hana shi tun wajen 1970, ko da yake Turai da ƙasashe da dama suna amfani da shi. Tunda ga wasu da aka fi sanin halinsu, ban ga dalilin zaɓar waɗannan biyun ba. Zaƙin stibiya da aka tace an amince da shi, iyakarsa miligiram 4 ga kowane kilo. Ɗanyen ganyen ko garinsa da ba a tace ba wani abu ne daban, FDA ba ta amince a sa shi a abinci ba, kuma kasancewar abu ganye ba ya sa ya zama lafiyayye ga mai ciki.

Yanzu ga maganar bakwaini, kuma a nan ne nake so ki natsu, domin wanda ya gaya miki ba daga iska ya ɗauko ba.

A 2010 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Danmak da ya bi mata masu ciki 59,334. An tambaye su abin da suke ci da sha a wajen tsakiyar ciki, aka jira haihuwarsu. Waɗanda ke shan lemon gas marar suga aƙalla sau ɗaya a rana, yiwuwar su haihu kafin mako 37 ya fi na waɗanda ba sa sha da kashi 38 cikin 100. Masu shan huɗu ko fiye, da kashi 78. Ba a ga haka ga masu shan mai suga ba. Shekara biyu bayan nan, a 2012, wani binciken a Norwe da ya ƙunshi mata 60,761 ya sake duba maganar. Ya sami ƙari ga masu shan marar suga, amma kashi 11 ne kawai, yayin da na masu shan mai suga ya kai kashi 25. Kin ga bincike biyu manya, a ƙasashe biyu maƙwabta, ɗaya ya wanke suga, ɗayan ya fi kama shi da laifi.

Ki lura da yadda ake karanta waɗannan alƙaluma. Ƙarin kashi 38 ba ya nufin mata 38 cikin 100 za su haifi bakwaini. Idan a ce mata 5 cikin 100 ne ke haihuwa kafin lokaci, ƙarin kashi 38 zai mayar da su kusan 7. Sauran 93 za su kai lokacinsu. Ƙari ne da bai kamata a raina ba idan ana maganar al'umma gaba ɗaya, amma ba hukunci ba ne a kan cikin mace ɗaya.

Sai maganar ƙibar yara. A Kanada, wani bincike na 2016 a kan uwaye da jarirai 3,033 ya ga cewa jariran da uwayensu ke shan irin wannan lemo kullum lokacin ciki sun ninka sauran yiwuwar yin nauyi fiye da kima a shekara ɗaya da haihuwa. A 2017 an sake komawa bayanan Danmak, aka ware mata 918 da suka yi ciwon suga na ciki, aka ga 'ya'yan masu shan marar suga kullum sun fi yawan ƙiba a shekara 7, kuma waɗanda suka maye gurbin lemo mai suga da ruwa ne 'ya'yansu suka fi tsira, ba waɗanda suka maye shi da marar suga ba. Masana suna zargin ko dai waɗannan sinadarai suna sauya ƙananan halittun da ke zaune a hanji, ko kuma suna saba wa jariri da zaƙi tun yana ciki, domin yana haɗiyar ruwan da yake kwance a cikinsa yana kuma jin ɗanɗanonsa.

To me ya sa, da duk wannan, hukumomi ba su hana ba? Saboda duk waɗannan binciken na kallo ne, ba na gwaji ba. Ba a raba mata gida biyu da ƙuri'a aka ce waɗannan su sha, waɗannan kada su sha ba. An dai kalli abin da kowa ta zaɓa da kanta. Kuma ki tambayi kanki, wace mace ce ke neman lemo marar suga? Galibi wadda ta riga ta yi ƙiba, ko aka ce mata sugan jininta yana hawa, ko akwai ciwon suga a gidansu, ko tana da hawan jini. Waɗannan abubuwa su da kansu suna jawo haihuwa kafin lokaci, suna kuma jawo ƙibar yara. Idan aka ƙirga za a ga masu shan maganin hawan jini sun fi sauran mutane samun shanyewar ɓarin jiki, amma ba wanda zai ce maganin ne ya jawo. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin nauyi da shan taba da sauransu ta hanyar lissafi, sai dai lissafi ba ya share komai tas. Akwai ma wata alama a binciken Danmak ɗin farko: ƙarin ya fi fitowa a haihuwar da likitoci suka gaggauta da kansu saboda wata matsala, fiye da naƙudar da ta zo da kanta. Wannan ya fi kama da mace mai wata lalura tun farko.

Duk da haka, ni ba na cikin masu share wannan hujja da hannu ɗaya. Alama ce mai rauni, amma ta bayyana a ƙasa fiye da ɗaya, kuma a binciken Danmak ta ƙaru yadda yawan sha ya ƙaru. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a watan Mayun 2023, ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba, ta kuma ambaci yiwuwar alaƙa da haihuwar bakwaini, tare da bayyana cewa hujjar ba ta da ƙarfi. Yadda nake auna abin shi ne: da magani ne da ke ceton rai, da wannan ɗan zargi bai isa ya sa a bar shi ba. Amma lemo ne. Babu sinadarin ƙarin jini a ciki, babu na ƙashi, babu komai da jaririnki ke buƙata. Abin da ba ya ƙara miki komai, zargi kaɗan ma ya isa ya sa a rage shi. Kuma ki lura, inda aka ga matsala, ga masu sha kullum ta fi bayyana.

Komawa mai suga kuwa, gudun gara ne a faɗa wa zago. Gwangwanin Coca-Cola na mililita 330 yana da suga giram 35, kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato wajen giram 50 ga babba. Gwangwani biyu sun riga sun wuce, ba ki ko taɓa abinci ba. Kuma ciki yanayi ne da jiki ke rage jin insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, da gangan, musamman daga tsakiyar ciki zuwa gaba, domin suga ya daɗe a jini ya isa ga jariri. Idan aka ƙara masa sugan ruwa mai shiga jini nan take, an ɗora wa gaɓar da ke samar da insulin aiki a kan aiki. Illar wannan ba zargi ba ce, a asibiti muke ganinta: nauyin uwa ya wuce kima, ciwon suga na ciki, jariri ya yi girman da haihuwarsa ke wuya, kafaɗa ta maƙale, a kai ga tiyata, sugan jariri ya faɗi bayan an yanke cibiya. Idan aka riga aka tabbatar miki da ciwon suga na ciki, kuma zaɓin ya rage tsakanin gwangwani mai suga da marar suga, marar suga za ki ɗauka babu ja. Ruwan 'ya'yan itatuwa na kwali ma kada ya yaudare ki, sugansa kusan ɗaya ne da na lemo.

Akwai abin da ya fi sinadarin zaƙi damuna a gwangwaninki, kuma ba ki ambace shi ba: kafeyin, sinadarin da ke wartsake mutum ya hana shi barci. Idan baƙin lemo ne irin kola, cire suga bai cire kafeyin ba. Diet Coke na mililita 355 yana da miligiram 46, ya ma fi na Coca-Cola mai suga wanda ke da 34. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka da hukumar abinci ta Turai sun tsaya a kan kada mai ciki ta wuce miligiram 200 a rana. Gwangwani biyu kaɗai ba su kai ba, amma lissafin na duka yini ne. Kofin gahawa yana kusan 100, kofin shayi 40 zuwa 50, cakulan yana da nasa, wasu magungunan ciwon kai da mura ma suna da shi. Mace ta sha shayi biyu da safe, gwangwani biyu da rana, ta riga ta tsaya a bakin iyaka ba ta sani ba. Dalilin iyakar shi ne jikin mai ciki yana jinkirin fitar da kafeyin. Abin da a da yake raguwa da rabi cikin awa 5, a watannin ƙarshe yakan ɗauki ninki biyu zuwa uku na haka, kuma hantar ɗan tayi ba ta da abin sarrafa shi. Yawansa an danganta shi da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Lemon ƙarin kuzari marar suga ya fi muni ta wannan fuska, ƙaramin gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da miligiram 80, wasu manyan sun ninka haka. Waɗannan ki bar su har ki sauka. Haka ma ruwan tonik mai ɗaci, domin akwai kwinin a ciki, ba abin da za a riƙa sha don marmari da ciki ba ne.

Sai haƙora, waɗanda mata da yawa ba sa tunawa da su sai sun fara zogi. Lemon gas, da suga ko babu, yana da tsami sosai saboda asid ɗin da ake sawa. A ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, kola yana wajen 2.5 zuwa 3, alhali farin rufin haƙori yana fara narkewa daga 5.5 zuwa ƙasa. Ke kuma kin sha aman laulayi, wanda ya riga ya wanke haƙoranki da asid ɗin ciki, ga dasashi da ke kumbura da saurin jini saboda ciki. Mafi ɓarna shi ne a riƙe gwangwani ɗaya ana kurɓa kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, domin kowace kurɓa tana sabunta tsamin kafin yawu ya gyara na baya. Idan za ki sha, ki sha tare da abinci, ki gama a zama ɗaya, ki kurkure baki da ruwa, kuma kada ki goge haƙora sai bayan rabin awa zuwa awa ɗaya, domin a lokacin rufin ya yi laushi, buroshi zai kankare shi. Haka ake yi bayan amai ma. Gas ɗin kansa ba ya cutar da jariri, amma nan da wata ɗaya ko biyu, idan mahaifa ta taso ta matse tumbi, za ki ga yana ƙara miki ƙwannafi da kumburin ciki, musamman da dare.

Na san cewa a ce wa macen da bakinta ya ƙi ruwa ta sha ruwa abu ne mai sauƙin faɗa. Ƙin ruwa lokacin ciki gaskiya ne, ba shagwaɓa ba ce. Wasu ƙarfe-ƙarfe suke ji a baki, wasu da sun kurɓa zuciyarsu ke tashi. Kuma ina so ki ji wannan da kyau: idan a makonnin da amai ya yi tsanani lemon ne kawai ya zauna miki, kin yi daidai da kika sha. Bushewar jiki ta fi kowane sinadarin zaƙi haɗari ga mai ciki. Amma yanzu kina wata biyar, laulayi ya kamata ya fara sassautawa, lokaci ya yi da za a sake gwadawa. Abin da yawancin mata ke nema a gwangwanin abu uku ne, sanyi da gas da ɗan tsami, kuma duka ana samunsu ba tare da sinadarin zaƙi ba. Ruwa mai sanyi ƙarara ya fi mai ɗumi zama. Ruwan gas zalla da aka matsa wa lemon tsami yana ba da kusan abin da baki ke so. Ƙanƙara a tsotsa, ko 'ya'yan itatuwa masu ruwa, ko madarar da aka dafa ko aka tace ta hanyar zafi, duka suna shiga lissafi. Ki riƙa kurɓa tsakanin abinci maimakon cika ciki lokaci ɗaya. Ana so mai ciki ta sami kofi 8 zuwa 12 na ruwa a rana, amma ba sai kin ƙirga ba, fitsarinki zai gaya miki: idan ya yi haske kamar ruwan ɗorawa-ɗorawa marar kauri kin samu, idan ya yi duhu da wari ki ƙara.

Ragewar kuma a hankali ake yi. Idan mai kafeyin kike sha kika yanke rana ɗaya, ciwon kai da kasala za su dawo da ke. Daga biyu ki koma ɗaya na mako guda, sannan ranar sha da ranar hutu, har ya zama abin marmari sau ɗaya ko biyu a mako. Ki zaɓi ƙaramin gwangwani, marar kafeyin idan akwai, wanda babu E954 ko E952. Ki tuna kuma waɗannan sinadarai suna cikin cingam, da wasu yogot, da garin abin sha da ake damawa, da ƙwayoyin zaƙi na shayi, don haka idan kina rage ɗaya kada ki ƙara ɗayan.

Abu na ƙarshe ya shafi awonki na gaba. Ki gaya wa ungozoma ko likitarki yawan abin da kike sha ba tare da ragewa ba, ki kuma faɗa musu cewa nauyinki yana hawa da sauri. Tsakanin mako 24 da 28 ake gwajin ciwon suga na ciki, kuma kin kusa shiga wannan lokaci, kada ki bari ya wuce ki. Idan kuwa abin da ke kai hannunki ga gwangwani ƙishirwa ce da ba ta yankewa, tare da fitsari mai yawa dare da rana da gajiya da ta wuce ta ciki, kada ki jira ranar awo, ki je a auna sugan jininki a wannan makon.